Idalia Mai Akodiyon

Idalia Barrientos ta ajiye akodiyonta, abin kiɗan nan mai maɓallai da ake ja ana matsawa, ke nan a kan tebur don ta juya masarar da ke kan garwashi, sai wani dogon saurayi ya leƙo bayan rumfar mahaifiyarta, a kasuwar Lahadi ta garin Alamo da ke kudancin Texas. Ya dubi hagu, ya dubi dama, sannan ya cire malafarsa.

"Sannu da aiki, 'yammata. Don Allah ina dattijon da ke kiɗa a nan yanzu?"

"Ya zagaya bayi," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Amma ya bar mini yatsunsa in riƙe masa."

Saurayin ya tsaya sororo. Ita kuwa ta goge hannunta da tsumma, ta rataya akodiyon, ta ci gaba da kiɗan polka daga inda ta tsaya, tana kallonsa ido cikin ido. Kafin ta kai ƙarshe kunnuwansa sun yi jajir.

"Na ci kunya," ya ce. "Sunana Eliseo Montemayor. A yi mini hukunci."

"Ka sayi masara biyu."

Ya saya, bai ci ko ɗaya ba. Ya ruga wurin motarsa ya dawo da babbar jitarsa mai tsirkiya goma sha biyu, ya zauna kan akwatin lemo, ya ce ta shiga duk inda ta ga dama zai biyo ta. Ta yi ta yi masa kwana don ta yar da shi, bai faɗi ba. Masu cefane suka ajiye ledojinsu, wasu tsofaffi biyu suka kama rawa a cikin ƙura, masara kuwa ta ƙone ƙurmus, Doña Herminia mahaifiyarta tana ta faɗa ba mai jinta.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Guntuwa, ki gaishe mini da dattijon nan. Ki ce masa tun da na bar kasuwa ban daina jin kiɗansa ba."

Ta yi murmushi ta mayar masa: "Ya amsa, Dogo. Ya ce ka rage gudu a baiti na biyu."

Haka abin ya fara. Duk Lahadi sai ya zo, kuma ba a daɗe ba ya zama ko ba Lahadi ba yana zuwa.

A wurin mahaifinta Idalia ta koyi kiɗa. Don Rosendo ya yi ƙuruciyarsa da tsufansa yana kaɗa akodiyon a zaurukan rawa na Kwarin Rio Grande, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kashe masa hannun dama. Tana 'yar ƙarama yakan ɗora ta a cinya ya jera mata yatsu a kan maɓallai, yana nuna ta ga abokansa ana dariya. Da ta girma ta ce ita ma dandali za ta hau, sai dariyar ta ƙare. Ya yarda ta yi kiɗa a gida, ya yarda ta yi a kasuwa kusa da uwarta, nan ya ja layi.

Ranar da Eliseo ya fara zuwa gaisuwa, tsohon na zaune a baranda ƙarƙashin bishiyar lemo. Bai miƙa masa hannu ba.

"Me kake yi, samari?"

"Kiɗa nake yi, Don Rosendo. Ina ƙungiyar Rigo Zamarripa."

"Na tambaye ka aikinka, ban tambaye ka inda kake shashanci ba."

Doña Herminia ta fito daga kicin da gari a hannunta. "Ni na auri makaɗi," ta ce. "Na haihu ba ya nan, na yi jinya ba ya nan, na binne uwata yana can wani gari yana sa mutane rawa. Makaɗi ɗaya ya ishi gidan nan, ɗana. Ka sha ruwanka ka gaida gida."

Bayan ya tafi Idalia ta durƙusa gaban mahaifinta. "Apá, kai fa ka koya mini."

"Na koya miki kiɗa, mija, 'yata. Ban iya koya wa mazan can kunya ba. Na san abin da ake faɗa a bayan dandali idan mace ta hau. Ba za su bar ki ba, kuma ba zan zauna ina kallo ana wasa da ke ba."

Ta rantse a ranta za ta nuna masa ya yi kuskure.

Eliseo ne ya kai ta wurin Rigo. Rigoberto Zamarripa mawaƙi ne mai ƙoshin murya, mai zobe a kowane yatsa, kuma manyan zaurukan rawa na Kwarin duk na gidansu ne. Ya saurare ta yana latsa waya. Da ta gama ya tafa sau biyu.

"Kin iya, sarauniya, ba ƙarya. Ga yadda za a yi. Ki rataya akodiyon, ki sa 'yar riga iya cinya, ki yi ta murmushi. Za mu zare miki waya daga lasifika, Beto mai akodiyonmu zai yi kiɗan daga baya. Mutane na son kallon mace, amma rawa da kiɗan namiji suke yi."

"Wato in zama 'yar tsana."

"'Yar tsana mai albashi." Ya matso, ya rage murya. "In kuma kina son fiye da haka, mu ci abinci ni da ke ranar Juma'a. Kina ɓata kanki da wannan sandar rake."

Idalia ta juya za ta fita. Ƙarar da ta ji a bayanta ita ce ta Eliseo yana rufe akwatin jitarsa.

"Kai kuma ina za ka?" in ji Rigo.

"Zan bi kiɗa," ya ce. "Ga shi can zai fita."

"To ka sani, in ka tsallake ƙofar nan ba ka ƙara taka dandalin gidanmu, kai da ita."

A cikin mota ta fashe da kuka. "Dogo, aikinka fa ke nan ka zubar."

"Share hawayenki, Guntuwa. Za mu kafa tamu. In suka ji ki sau ɗaya, da gudu za su zo."

Ba su zo ba.

Sun samo mai ganga da mai jitar bas, suka sa wa ƙungiya suna Idalia da 'Yan Kwari. Suka yi ta ƙwanƙwasa ƙofofi. Wani mai zaure ya ce ba shi da ɗakin da mace za ta canza kaya. Wani ya ce ya taɓa gwada mace, maza suka ƙi rawa suka tsaya kallo, giya ba ta sayu ba. Ma'aikacin wani gidan rediyo ya karɓi faifansu da fara'a, ya ce ai akwai mace ɗaya a jerin waƙoƙinsu na bana, su dawo baɗi. Inda aka yarda suka yi wasa kuwa, mai gadi kan tare ta a ƙofa ya tambaye ta matar wane ce a cikin makaɗan. Sau da yawa tana tsakiyar kiɗa za ta ji mai kula da sauti ya rage mata murya, ya ɗaga ta ganga.

Sun yi wasa a gidan tsofaffi, sun yi a bikin buɗe shagon taya. Eliseo ya koma gyaran rufin gidaje da rana. Ita kuma ta kama aiki a ma'ajiyar lemo, tana tsaye wuni guda tana ware mai kyau da ruɓaɓɓe.

Wata rana a lokacin hutun cin abinci ta rubuta masa: "Na gaji, Dogo. Ina jin Apá ya fi ni gaskiya."

Ya amsa daga saman rufin wani gida: "Ki gaji, ba laifi. Ki jingina da ni ki huta. Amma kada ki ajiye akodiyon, don in kika ajiye ban san wanda zan bi ba. Ina sonki, Guntuwata, har da ranakun da ba kya son kanki."

Ta karanta ta sake karantawa, ta koma kan lemo.

Sai ga wani haske ya ɓullo. Kwamitin babban bikin kiɗa na bazara ya karɓe su. Idalia ta yi tsalle ta rungume Eliseo a tsakiyar titi. Ta sayi yadi ja, ta kai ɗinki. Ko Don Rosendo da ya ji labari, washegari ya kira ta ya gyara mata yadda take jan iska a wani kiɗa.

Ana saura 'yan makonni ta lura Eliseo ya sauya. Ba ya cin abinci, yana yawan fita amsa waya. In ta tambaye shi sai ya ce gajiya ce.

Ranar wata Asabar ta je sayen burodi, ta ga fostar bikin manne a gilashin shagon. Ta bi sunaye da yatsa tana murmushi har ta iso nasu. 'Yan Kwari kawai aka rubuta. A ƙasa da ƙananan baƙaƙe an sa: tare da Beto a kan akodiyon.

Tana tsaye a wurin wayarta ta yi ƙara. Rigo ne ya turo hoton Eliseo yana musafaha da shugaban kwamitin, dukansu suna dariya. A ƙarƙashi ya rubuta: "Kin ga wanda kika zaɓa, sarauniya. Ni dai ban taɓa ɓoye miki farashina ba."

Ta rubuta wa Eliseo: "Na ga fosta, na ga hoto. Kada ka kira ni, kada ka zo. Waɗancan ba su taɓa cewa suna sona ba, don haka ban riƙe su da komai ba. Kai ne ka ce."

Ta toshe lambarsa. Ya zo gidan har sau da dama, Doña Herminia na tare shi a bakin ƙofa tana cewa ba ta nan. Daga baya ya daina zuwa, aka ce ya tafi rijiyoyin mai na yammacin Texas neman aiki.

Idalia ta rufe akodiyon a akwati ta tura ƙarƙashin gado. Ran Lahadi tana gasa masara kawai. In tsofaffin kasuwa suka tambaye ta kiɗa, sai ta ce ya lalace. Ba ta kuka, ba ta dariya. Gidan ya yi tsit, har Doña Herminia, wadda ta daɗe tana roƙon Allah ya raba 'yarta da kiɗa, ta fara kunna rediyo don ta kori shirun.

Ranar bikin Don Rosendo ya sa fararen kayansa ya ce wa matarsa ta kai shi.

"Me za ka je yi?"

"Zan je in kalli idon yaron nan in tofa masa yawu. Hannuna ne ya mutu, bakina na nan."

Rana ba ta faɗi ba suka dawo. Tsohon ya tsaya a ƙofar ɗakin Idalia yana dogara sanda.

"Mija, dogon naki ba ya kan dandali."

Ta ɗago.

"Wani ne ke kaɗa jitar. Na kama mai gangarku a baya na matse shi. Ya ce kwamiti ne suka ce sai dai a sa namiji a madadinki, don gidan Zamarripa ne ke ɗaukar nauyin bikin. Yaron ya yi ta zarya yana roƙonsu, ya ɓoye miki yana zaton zai shawo kansu. Da suka ƙi ya ce in babu ke babu shi. Sauran biyun ne suka karɓa. Hoton nan kuwa tun ranar da aka fara karɓar ku aka ɗauke shi." Ya gyara riƙon sandarsa. "Na ce ba za su bar ki ba, kuma ba su bar ki ba. Wallahi da na so a ce ƙarya na yi."

Idalia ta lalubo wayarta, ta buɗe lambar Eliseo ta kira. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka.

"Guntuwa?" Muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai.

"Dogo, ka yafe mini. Kana ina?"

"Ina asibiti a Odessa. Kada ki tayar da hankalinki. Sarƙa ce ta kama mini hannu a wurin aiki."

"Wane hannun?"

Bai amsa ba, ita ma ba ta sake tambaya ba.

Washegari da sassafe ta kama hanya ita kaɗai a tsohuwar motar uwarta, ta wuni tana tuƙi cikin fili fetal da ƙayoyi. Ta same shi zaune a bakin gado, ya rame, hannun hagu naɗe da bandeji. Yatsu biyu sun tafi, na uku ba ya lanƙwasuwa. Hannun da yake danne tsirkiya da shi ke nan.

Ta durƙusa ta kifa fuskarta a gwiwarsa. "Ni na kore ka. Da na saurare ka ko minti ɗaya..."

"Da na faɗa miki gaskiya tun farko, ai da ba a kai nan ba. Tsoro na ji, Guntuwa. Na ga yadda kike murna da jan yadin nan, na kasa." Ya ɗora lafiyayyen hannun a kanta. "Yanzu ga ni, ba kiɗa, ba aiki. Ki koma gida. Ba ni da abin da zan ba ki."

"Na ce maka wani abu na zo karɓa? Tashi ka sa takalmi. Kuma daga yau in ka ƙara ɓoye mini magana, sauran yatsun ni zan cire su."

Ya yi dariya har hawaye suka zubo masa, daga nan dariyar ta tsaya hawayen suka ci gaba. Ta zauna kusa da shi ta riƙe shi har ya gama.

Da ya warware ya sa riga mai guga ya je neman aurenta. Wannan karon Don Rosendo ya miƙa masa hannun hagu, shi ma ya miƙa nasa mai tabo, suka tsaya suna kallon hannuwan juna.

"Mu biyu in aka haɗa mu, da ƙyar a samu makaɗi ɗaya," in ji tsohon.

Doña Herminia ta ajiye masa faranti cike da abinci, ta zauna tana murza bakin zanen tebur. "Na ce ba na son makaɗi," ta ce a hankali. "Amma Allah ya sani ba haka na roƙa ba, ɗana. Ba haka ba." Ta share ido da bayan hannu. "Ci abincinka. Na ba ka ita."

A ƙarshen kaka aka ɗaura auren a ƙaramin cocin unguwa. Aka zagaya musu igiya a kafaɗu suna durƙushe, kamar yadda al'adar aurensu take. A filin da ke bayan gidansu Idalia aka yi walima, ƙarƙashin tanti, da naman gashi da shinkafa da wake.

Babu ƙungiyar da ta yarda ta zo. Duk wanda aka tuntuɓa sai ya ce ranar a cike take, don ba mai son ɓata da gidan Zamarripa. 'Yar gidan makaɗi ta auri makaɗi, amma daga waya aka jona kiɗa a lasifika. Mutane suka zazzauna suna cin abinci kamar a gidan makoki.

Can sai Doña Herminia ta miƙe, ta je ta zare wayar. Ta shiga cikin gida ta fito tana jan akwati, ta dire shi gaban amarya.

"Amá, na daina."

"Ki daina gobe. Yau ba za a aurar da 'yata da kiɗan waya ba."

Idalia ta dubi Eliseo. Ya miƙe, ya ɗaga akodiyon da hannu ɗaya da rabi, ya rataya mata a kan farar rigarta, ya gyara mata mayafi don kada maɗauri ya kama shi. Sannan ya ja kujera ya zauna a gefenta na hagu, ba komai a hannunsa.

"Shiga duk inda kika ga dama," ya ce. "Ina nan."

Yatsunta sun yi tsami da farko, daga baya suka saki. Ba jita, ba ganga, sai ƙafar angon da ke buga ƙasa tana riƙe mata lokaci. Gwaggwanni suka fara tashi suna rawa da junansu, mazan suka biyo baya. Don Rosendo ya jingina sandarsa, ya kama matarsa da hannu ɗaya, suka zagaya filin a hankali. Ango da amarya dai ba su samu sun yi rawar bikinsu ba.

Ta san ran Litinin ma'ajiyar lemo na jiranta. Ta san babu mai zauren da zai kira, kuma rediyo ba zai sa faifanta ba, bana ko baɗi. Ta yi kiɗan duk da haka, har inuwar bishiyar lemo ta rufe tantin.

Da lokacin tafiya ya yi suka durƙusa a gaban iyaye. Don Rosendo ya ɗaga hannunsa mai rai ya yi musu alamar gicciye a goshi, ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ni da ƙofar da zan buɗe muku, 'ya'yana," ya ce. "Da ina da ita da tuni na buɗe. Allah ya riƙe ku tare. Ya ba ku haƙuri da duniya, ya ba ku tausayin juna. Ya sa ku tsufa a gida ɗaya."

"Amin," in ji Doña Herminia, ta rungume su duka biyu. "Ku je, Allah ya yi muku albarka."

Eliseo ya ɗauki akwatin, Idalia ta kama masa ɗaya gefen, suka nufi mota.